Rigasa: Inda Jirgi Ke Tsayawa, Matafiya Su Wuce

Duk mai son sanin inda ya kamata sabon layin dogo ya nufa, ya ajiye taswirar ofis, ya je ƙofar tashar Rigasa a Kaduna ya jira isowar jirgin Abuja. Na yi haka wata rana da la'asar sakaliya. Kafin fasinjan farko ya sauke jakarsa, 'yan kamasho sun cika fili da kira: "Kano! Zariya! Katsina, saura mutum ɗaya!" Cikin ɗan lokaci motocin suka cika, suka ɗau hanyar arewa. Ashe da yawan waɗanda suka sauka ba Kaduna suka zo ba, nan dai ƙarfen ya ƙare musu.

Lokacin da Shugaba Buhari ya buɗe wannan layi a Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, an yi ta ƙorafin cewa tashoshin biyu duk sun yi nisa da tsakiyar gari. Ƙorafin gaskiya ne, amma tsoro ya fi nisa ƙarfi. Da masu garkuwa da mutane suka addabi titin Abuja zuwa Kaduna, sai ga manya masu jiniya da ɗalibai da 'yan kasuwa a sahu guda, har da masu tafiya a tsaye. Cunkoson nan ne ya sa aka ƙara taragai, kuma kukan jama'a kan 'yan bumburutun tikiti ya kai ga fara sayar da shi ta intanet a 2021. Ko harin 28 ga Maris 2022, wanda ya ci rayuka ya kuma dakatar da jirgin har Disamba, bai raba mutane da shi ba.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar nan. Turawa sun kai dogo Kano a 1911 da zummar kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi, suka cika taragan da gyaɗa. Mai mulki ya shata layin, talaka ya zaɓa masa aiki. Bambancin kawai, wancan layi don kaya aka shimfiɗa shi, mutum ɗan rakiya ne.

Shi ya sa nake ganin layin Kaduna zuwa Kano ta Zariya, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ba ya buƙatar wata doguwar hujja. Fasinjojinsa suna nan kullum a bakin Rigasa suna cinikin kuɗin mota. Na Kano zuwa Maraɗi ma yana da tsohon sawun fatauci da zumunci da zai bi, sai dai ni da an tambaye ni, da na ce a fara kammala na Kano tukuna.

Wata dattijuwa da jikanta su ne suka cike motar Kano ta ƙarshe. Ta ɗora ƙullinta a cinya, ta tambayi direba ko za su isa kafin isha'i. Ya ce sai yadda hanya ta yi.