Dokar Newton a Filin Kokowa

A Gaya, bakin kogin Kwara, inda gada ta haɗa Nijar da Malanbil ta ƙasar Benin, akwai wani dattijo, tsohon ɗan kokowa, wanda ciwon gwiwa ya raba da fili. Kafin a rufe iyakar a 2023, da dako yake ciyar da iyalinsa, yana sauke kayan manyan motocin da ke tasowa daga Kwatano. Bai taɓa zama a aji ba. Alfaharinsa ɗaya shi ne ɗansa, saurayi ƙaƙƙarfa mai nauyin kilo 90, wanda ke karatu a lakwal yana kuma kokowa bayan kaka.

Burin yaron shi ne ya shiga sahun 'yan kokowar jihar Doso, masu neman takobin ƙasa. Tun 1975 aka fara wannan gasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kuma filin Doso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani. Sai dai wani siririn yaro, wanda bai wuce kilo 70 ba, ya kada shi sau uku a jere. Uban ya ce masa: "Ɗana, ba shi ke kada ka ba, gudunka ne. In ka taso kamar mota mai lodi, wa zai taka maka burki?" Yaron ya yi shiru, amma a ransa ya ɗauki maganar tatsuniyar wanda bai yi boko ba. Wannan raini ya fi ciwon gwiwa yi wa tsohon zafi.

Ana nan sai malamin kimiyya ya kai su ga dokokin motsi uku da Isaac Newton ya wallafa a Ingila a 1687. Ta farko ta ce abin da ke tsaye ba ya motsi, mai tafiya kuma ba ya tsayawa ko sauya hanya, sai wani ƙarfi ya tilasta masa. Tun kafin haka Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin wani karkata da ke zama cikin abin da aka jefa. Malamin ya rubuta a allo cewa zafin tahowar jiki shi ne nauyinsa sau gudunsa: kilo 90 a gudun mita 2 cikin daƙiƙa ya ba da 180. Mai kilo 70 ba ya buƙatar tare wannan. Ya isa ya kauce, ya ja hannu, ya sa ƙafa, sauran aikin nauyin abokin karawarsa ne zai yi.

Ya ƙara da cewa nauyin mutum a tsaye yana taruwa ne daura da cibiya, kuma da zarar wannan wuri ya fita daga tsakanin sawayensa, faɗuwa ta zo. Shi ya sa ɗan kokowa ke buɗe ƙafafu ya duƙa, kamar yadda 'yan ƙwallon zari-ruga da na ƙwallon Amurka ke sunkuyawa kafin su yi karo. Yashin fili kuwa yana tsawaita lokacin tsayawar jiki, don haka bugun ƙasa ke raguwa.

Yaron ya gane kowace kalma, domin ya riga ya ji ta a tsakar gidansu da Hausa. Da magariba ya durƙusa gaban uban ya ce: "Baba, ashe abin da kake faɗa mini yana cikin littafi." Ya karanta masa dokokin ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya tambaya ko shi wannan Newton ɗin ya taɓa shiga fili. Aka ce a'a. Ya ce to, ya yi ƙoƙari. Ya dafa bango ya miƙe, ya ce wa ɗansa ya ɗaura walki, ya taso masa da gudu kamar yadda ya saba.