Me Ya Haɗa Jigayin Malam Madori Da Ƙanƙarar Girinlan?

Duk sa'ad da aka ji labarin narkewar ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, abin da mutanenmu kan ce shi ne wannan damuwar mutanen Legas ce. Ba su rasa hujja ba. Tsakanin Malam Madori da teku akwai fiye da kilomita 800, kuma mun ɗara shi tudu da sama da mita 300. Ko da ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika za su narke ƙurmus, abin da masana suka ƙiyasta zai ɗaga teku da kimanin mita 65, igiyar ruwa ba za ta iso tashar jirgin ƙasa ta garinmu ba. Duk da haka ina ganin maganar ta shafe mu, kuma shaidar tana cikin sunan jiharmu.

Na tashi ina ganin ƙasarmu kashi biyu: jigawa, inda ake shuka gero da gyaɗa da riɗi, da fadama, inda ake shinkafa da lambu da su. Wanda ya lura zai ga yawancin jigayin nan dogaye ne, a jere suke, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato hanyar da iskar hunturu ke bi. Tuddan rairayin hamada ne da ciyawa da itatuwa suka riƙe. Tun a 1958 wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu, ya ce ragowar tsohuwar sahara ce a ƙasar Hausa.

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku ta danne Kanada da arewacin Turai. Ruwan da ya daskare a cikinta daga teku ya fito, don haka teku ya yi ƙasa da inda yake yau da kusan mita 120. A lokacin, mutum zai taka da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila. A nan kuwa, da yake duniya ta yi sanyi, iskar damina ta yi rauni, hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, iska ta yi ta tara yashi a inda gonakinmu suke. Shi ya sa kogin Haɗeja, idan ya baro ƙasa mai dutse ta wajen Kano ya shigo nan, yake rarrabuwa, yana neman hanya a tsakanin jigayi, yana barin tafkuna da fadamu har Nguru.

Daga baya, sauyin da kan auku a hankali cikin yadda duniya ke kewaya rana ya ƙara wa arewa zafin bazara. Ƙanƙara ta ja da baya, teku ya yi ta cika tsawon dubban shekaru, damina kuma ta dawo mana da ƙarfinta. Tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, daidai da girman ƙasar Jamus. Tsohuwar gaɓarsa tana nan, dogon tudun yashi ne da ya ratsa Bama da Maiduguri. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa suka kai 8,000. Babu jirgin ruwan da aka gano a Afirka da ya girme shi.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai wani ɗan tsakani ne cikin wannan tarihi. Narkewar ba ta tafi sumul ba. Kimanin shekara 12,900 da suka wuce, ruwan daɗi mai yawa daga ƙanƙarar ya kwarara cikin arewacin Tekun Atilantika, ya raunana zagayen ruwan da ke kai ɗumi arewa. Sanyi ya komo Turai, mu kuma fari ya komo mana na fiye da shekara dubu. Wato ƙanƙara ba ta buƙatar teku ya zo ƙofar gidanmu. Ta hanyar damina take taɓa mu. Wani bincike da masana daga Faransa suka wallafa a 2017 ya nuna cewa idan ƙanƙarar Girinlan ta narke da sauri a wannan ƙarni, ruwan sama na iya raguwa ƙwarai a yankin Sahel, har noman gero da dawa ya gagara a wurare masu yawa. Hasashe ne, amma irinsa ya taɓa faruwa.

Tun daga 1900 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20, kuma saurin yana daɗuwa. A wannan karon hayaƙin man fetur da gawayin kwal ne ke ɗumama duniya, cikin shekaru ɗari biyu maimakon dubbai. Garin Ayetoro na Jihar Ondo ya riga ya rasa gidaje masu yawa.

Ba na cewa duk wata wahalarmu daga Girinlan take. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya lokacin zuwan ruwa da yawansa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, ambaliyar 2022 kuma tana da dalilanta na kusa. Waɗannan a hannunmu suke. Amma madatsa ruwan da ya sauka kawai take rabawa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda gero ke ƙonewa a jigawa, kuma inda aka ƙwaƙule itatuwa yashi yakan soma tafiya.

Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna zaune a tsakiyar wannan ƙasa. Zan so in ga ɗalibansu na labarin ƙasa sun fito da ma'auni, sun haƙa jigawa guda tsakanin Malam Madori da Haɗeja, sun gaya mana sau nawa yashinta ya tashi, sau nawa ya kwanta, da kuma yawan ruwan saman da ke riƙe da shi a yanzu.