Ba Gajiya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa idan aka ce masa, "Ina gajiya?" amsa guda ce: "Ba gajiya." Ko daga gona mutum ya dawo da rana tsaka, ko a mota ya kwana daga Legas, abin da zai ce ke nan. Majinyaci kuwa, ko da ƙyar yake jan numfashi, "da sauƙi" za ka ji daga bakinsa. Tarbiyya ce mai kyau, domin tana koya wa yaro juriya da godiyar Allah. Amma sai da na kai shekara 46 a duniya, ina kwance a gefen wani dutse mai kallon madatsar ruwa ta Usuma, kafin na gane akwai wurin da wannan amsa kan iya hallaka mai ita.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne a Kurmi, cikin birnin Kano. Ya yi shekaru yana fama da ciwon kai, yana kora shi da ƙwayoyin da ake sayarwa a faranti, kuma ban taɓa jin ya ce wa kowa ba shi da lafiya ba. Wata Laraba ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfarsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, ya kwanta wata huɗu kafin ya cika yana da shekara 58. Har a wannan kwanciyar, idan masu dubiya suka tambaye shi jiki, yakan yi ta kokawa da harshensa har sai ya fitar da "da sauƙi". A lokacin jarumtarsa kawai nake gani, kuma na ƙudurta a raina cewa irinsa zan zama.

A ƙarshen shekarar 2022 aka auna jinina a wani asibiti a Abuja, inda nake aikin gwamnati. Na'ura ta nuna 170 bisa 105. Likita ta sake aunawa, ta dube ni ta ce duk abin da ya kai 140 bisa 90 ya zama hawan jini, ni kuwa na wuce nan da nisa. Ta tambayi yadda nake wuni, na faɗa mata: daga Kubwa zuwa Sakatariya cikin cunkoson motoci, daga kujerar mota zuwa kujerar ofis, da dare kuma tsire da shayi mai kauri. Ta rubuta mini magani, ta ce in rage gishiri, in kuma riƙa tafiya a ƙasa. Na fito ina lissafi, shekara 12 ce tsakanina da shekarun da Baba ya rasu, ga autarmu ba ta gama firamare ba. Ban da matata, ban faɗa wa kowa ba.

Wani abokin aikina ne ya saka ni a zauren WhatsApp na wata ƙungiyar masu hawan dutse. Kowace Asabar sukan haɗu da ƙarfe shida na safe, su nufi ɗaya daga duwatsun da suka kewaye Abuja, su dawo kafin rana ta take. Ana buƙatar mutum ya zo da ruwa aƙalla lita biyu, da takalmi mai kama ƙasa, da hula, da ɗan kuɗin da ake haɗawa a sallami mutumin ƙauyen da zai nuna hanya. Dokokinsu uku ne: ba a wuce jagora, ba a komawa bayan mai tsaron baya, kuma duk mai wata larura ya faɗa tun kafin a tashi. Suka turo mini takardar shiga. A gurbin da aka tambayi ko ina da wani ciwo, na rubuta "babu", hannuna ko rawa bai yi ba.

Da na gaya wa mahaifiyata a waya, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Me ka ajiye a kan dutse da za ka je ɗaukowa?" Tambayarta tana da tushe. A wurin mutanen da, dutse mafaka ce idan mahara suka taso, ko kuma mazaunin iskoki. Mu da muka tashi a gindin Dala mun sha jin labarin Barbushe da Tsumburbura, kuma an sha kwaɓar mu kada magariba ta same mu a sama. Mutum mai iyali ya tashi da asuba, ya biya kuɗi don ya wahalar da kansa, wannan a wurinta abin a yi masa addu'a ne. Na ce, "Hajiya, motsa jiki ne kawai." Ta ce, "Allah ya tsare," da irin muryar da ke nuna ba ta gamsu ba.

Fitowata ta farko a cikin hunturu ce, wajen Mpape. Shekara 14 ina Abuja, amma duwatsun garin ta gilashin mota na san su, Dutsen Zuma kuwa na fi ganin sa a jikin naira ɗari. Ranar na san cewa dutse yana da wari, na busasshiyar ciyawa da toka da kashin shanu, yana kuma da santsi a inda ido ke ganin kamar ba komai. Da muka kai sama hazo ya fara wayewa, sai ga birnin a shimfiɗe: ƙubbar Masallacin Ƙasa tana ƙyalli, Dutsen Aso a tsaye, Maitama ta lulluɓe da bishiyoyi, a ƙarƙashin ƙafafunmu kuma rufin kwanon Mpape ya cakuɗe, babu masaka tsinke. Ga ramukan da masu fasa dutse suka bari, inda aka ɗebo tsakuwar gina birnin. Tun 1976 aka zaɓi wannan wuri, aka tare a watan Disamba na 1991, amma daga sama za ka ga duk ginin nan ɗan tabo ne a tsakiyar duwatsun Gbagyi.

Mutanen ƙungiyar sun burge ni. Akwai ma'aikatan banki, da 'yan bautar ƙasa, da lauyoyi, da wani tela, Musulmi da Kirista, daga kowace kusurwa ta Najeriya. A ofis mataki na 14 nake, masinja kan karɓi jakata tun daga bakin ƙofa. A nan kuwa kowa jakarsa na bayansa, kuma yarinyar da na haifi kamarta ita ce za ta miƙo mini hannu a wurin da ya yi tsayi. Wannan bai yi mini daɗi ba. Na ƙudiri aniyar in nuna wa yaran nan cewa ɗan gindin Dala ba a koya masa hawa. Kullum ina manne da jagora, ina danne hakina, ina murmushi idan an ɗauki hoto.

Mai tsaron bayanmu wata dattijuwa ce 'yar Jos, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, kowa Mama yake ce mata. Tana tafe da sanda, ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa. Aikinta shi ne ta tabbata ba a bar kowa a baya ba. A raina na ɗauka saboda tsufa aka ba ta wannan matsayi.

A farkon watan Maris na 2023, lokacin da zafin Abuja ke kai wa maƙura, aka sa tafiya mai tsawo a duwatsun Ushafa, kusa da madatsar da birnin ke shan ruwanta. Mu 23 ne. Mota ta ɓata mana lokaci, ba mu fara hawa ba sai wajen ƙarfe takwas. Na sha maganina da asuba, irin mai sa yawan fitsari ne, na kuma ɗauki gorar ruwa ɗaya tak don kada jaka ta yi mini nauyi. Bayan awa biyu muka bar inuwar bishiyoyi muka hau falalen dutse, wanda ke mayar da zafin rana kamar tanda. Wata mata Bagwariya ta zo ta wuce mu da ɗaurin itace a kafaɗa, yadda suke ɗaukar kaya, silifas ne a ƙafarta, ta yi mana sannu ta gangara abinta. Ni kuwa a lokacin ruwana ya ƙare, zuciyata na bugawa har cikin kunnuwana, sharaɓata na ɗaurewa. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka wuce ni, har na ji ƙarar sandar Mama a bayana.

Ta ce, "Malam, ina gajiya?"

Na ce, "Ba gajiya, Mama."

Ta sha gabana, ta kalli fuskata, ta ce, "Ɗana, ba gaisuwa nake maka ba. Tambaya ce."

Na buɗe baki in sake ce mata lafiya lau, sai na ga dutsen ya karkace, hasken rana ya koma baƙi. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance a ƙarƙashin wata 'yar bishiya, an ɗora ƙafafuna a kan jaka, an jiƙa rigata, wani yana yi mini fifita da hula. Mama na riƙe da wuyan hannuna tana kallon agogo. Ta tambaye ni wane magani nake sha. A gaban mutum fiye da ashirin na ambaci sunan maganin da na ɓoye. Ba ta ce komai ba. Ta fito da ƙullin gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa, ta kaɗa a gora, ta riƙa ba ni kurɓi-kurɓi.

Saura kaɗan a kai ƙololuwa, amma babu wanda ya kai ranar. Jagora ya ce a juya. Samari biyu suka sa ni a tsakiya, gangaren da ake yi a awa ɗaya ya ci mana kusan uku, a cikin tsakiyar rana. Ruwan da mutane suka tanada wa kansu a kaina ya ƙare, a jiƙa ni da kuma ba ni. Kafin mu kai mota wata 'yar bautar ƙasa ta fara amai saboda ƙishirwa. A gindin dutsen jagora, wanda na girme shi da kusan shekara 20, ya ja ni gefe ya ce, "Yallaɓai, da ka faɗa mana, ba za mu hana ka zuwa ba. Da mun sa ka kusa da Mama, mun ƙara maka ruwa. Yau ba ranka kaɗai ka saka a haɗari ba." Ban sami abin cewa ba. Zafin maganar ya fi na ranar, domin gaskiya ce.

Mako uku ban leƙa zauren ba. Na koma wurin likita, ta yi mini faɗa, ta duba zuciyata, ta canza mini magani, ta ce ba ta hana ni hawa ba matuƙar zan bi a hankali, in sha ruwa, in kuma guji tsakar rana. A cikin waɗannan makonni na yi ta tunanin Baba. Na tuna yadda yakan dafe ƙeyarsa idan ya zaci ba mai kallon sa. Na tambayi kaina: jarumtar da nake yabo, wa ya biya kuɗinta? Hajiya ce, wadda ta yi wata huɗu tana juya shi a shimfiɗa, da ƙannena biyu da suka bar makaranta suka koma rumfa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan na yi imani da shi. Amma an umarce mu da neman magani, kuma ba a yi wa ciwon da aka ɓoye magani.

Ranar da na koma, kafin a tashi na nemi izinin magana. Na ba su haƙuri, na faɗi ciwona da adadin da na'ura ta nuna. Muryata ta yi rawa fiye da yadda ƙafafuna suka yi a Ushafa. A daren ranar mutum uku suka turo mini saƙo a keɓe. Ɗaya yana da ciwon sukari, ɗaya asma, ɗaya kuma hawan jini irin nawa, kuma dukansu "babu" suka rubuta a takardarsu.

Daga nan na koma baya kusa da Mama, na kuma gane cewa nata ne aiki mafi wuya a tafiyar. Na gaba hanya yake kallo, na baya kuwa mutane yake karantawa. Ta koya mini in lura da wanda ya daina hira, da wanda ke yawan tsayawa ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, da wanda ke cewa hoto zai ɗauka alhali numfashi yake nema. Ta ce mata kan faɗa da wuri, maza ne matsalarta, musamman masu furfura da muƙami. A farkon 2024, da satar mutane ta yi ƙamari a yankin Bwari, ƙungiyar ta dakatar da zuwa can, muka taƙaita a duwatsun da ke kusa da gari. A wannan shekarar Mama ta koma Jos wurin jikokinta, ta bar mini sandarta da matsayinta. Yanzu a jakata akwai ruwa lita uku, ɗaya ba tawa ba ce.

Jinina ya sauka zuwa wajen 135 bisa 85, da magani da tafiya. Da babbar sallar da ta wuce na tafi Kano da na'urar awo a jaka. Na faɗa wa Hajiya gaskiyar dalilin hawan dutsen, ta yi kuka, sannan ta miƙo hannunta na auna. Ƙannena ma suka miƙo. Yayanmu, wanda ya gaji rumfar Baba, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kada in jawo masa ciwo da baki. Ban matsa masa ba. Bayan sallar isha'i, da kowa ya watse, sai ga shi ya shigo ɗakin da na sauka, ya zauna a bakin gado, ya naɗe hannun rigarsa ba tare da ya ce uffan ba.

Har gobe idan aka gaishe ni a masallaci ko a ofis aka ce ina gajiya, "ba gajiya" nake cewa, domin gaisuwa ce, kuma haka aka koya mini. A kan dutse kuwa, idan na ga sabon zuwa ya yi shiru yana jan ƙafa, nakan sha gabansa in kalli fuskarsa kafin in tambaye shi, kuma ba na karɓar amsar farko.