Hannun da na ɗaga

Mu 9 ne a ofishin darakta ranar, cikin zafin Afrilu, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Zaman majalisar ladabtarwa ne na CEG ɗin da nake koyarwa a lokacin: darakta, malamai 6, da wakilan iyaye 2. Salular wata malama ce ta ɓace daga jakarta lokacin shan iska, aka ce wani yaro ɗan ajin ƙarshe ne ya ɗauka. Saura ƴan watanni ya rubuta BEPC.

Yara biyu sun ce sun ga fitowarsa daga ajin. An taɓa kama shi yana tsallake katanga. A satin kuma an ga jikka 5 a hannunsa. Iyakar hujjar ke nan. An caje shi, ba a samu komai ba. Kuɗin, in ji shi, na tsaron shagon kawunsa ne, kuma babu wanda ya taka ya tambayi kawun. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne bakin shaidun bai zo ɗaya ba: ɗaya ya ce kafin a buga ƙararrawa ya gan shi, ɗayan ya ce bayan an buga. Na faɗi haka sau ɗaya. Darakta ya dubi agogo ya ce, "Mushe, azahar ta yi, nan ba kotu ba ce." Aka ce wanda ya yarda a kore shi ya ɗaga hannu. Na ƙirga 8. Sai na ga nawa ma ya tashi.

Shekaru sun wuce kafin in ci karo da labarin da ya dawo mini da wannan zama. A Amurka, in ana tuhumar mutum da babban laifi, ba alƙali ke cewa ya aikata ko bai aikata ba. Mutanen gari ake kira, yawanci 12, manomi da direba da malamin makaranta, a rantsar da su, su saurari shaidu, sannan a rufe su a ɗaki su kaɗai. Ana ce musu juri. Wanda aka kira dole ya je, ko da aikinsa zai tsaya. Sai bakinsu ya zo ɗaya ake kama mutum da laifi. In ɗaya tak ya kafe, aka yi aka yi ya ƙi, shari'ar ta rushe, sai mai gabatar da ƙara ya sake ta daga farko da wasu mutane, ko ya haƙura.

A 1996 aka harbe mutum 4 a wani shagon sayar da kujeru da gadaje a Winona, ƙaramin gari a jihar Misisipi. Aka kama wani baƙar fata, Curtis Flowers, wanda ya taɓa aiki a shagon. Sau 6 aka gurfanar da shi kan wannan magana, mai gabatar da ƙara ɗaya ne duka. Hukuncin zama uku na farko kotun ƙolin jihar ta soke shi. A na huɗu, a 2007, juri ya rabu 7 da 5. A na biyar, a 2008, mutum ɗaya ne ya ƙi yarda, wani baƙar fata, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya.

Wannan dattijo shi ne ya hana ni barci. Ina tunanin ɗakin: mutum 11 sun gaji, kowa yana son komawa gida, dukansu ƴan yanki ɗaya ne da za su ci gaba da haɗuwa a kasuwa da wurin jana'iza. Kowane ido yana kansa. Ya ce hujjar ba ta gamsar da shi ba, ya kuma tsaya a nan. Da shari'ar ta rushe, alƙali ya yi masa faɗa a gaban jama'a, aka fita da shi da ankwa, aka tuhume shi da yin ƙarya lokacin da ake tantance su. Daga baya aka janye tuhumar. A zama na shida, a 2010, aka yanke wa Flowers hukuncin kisa. Sai a 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta soke shi, bayan ta lura cewa cikin baƙaƙen fata 42 da mai gabatar da ƙara yake da damar cirewa daga juri a waɗannan shari'o'i, ya cire 41. A 2020 aka janye ƙarar gaba ɗaya. Flowers ya yi fiye da shekara 20 a kaso.

Masu mulki sun daɗe da sanin nauyin wannan murya guda. A 1898 jihar Luwiziyana ta sa a tsarin mulkinta cewa 9 cikin 12 sun isa, don ko baƙar fata ya shiga juri, ƙinsa ya zama banza. Sai a 2020 Kotun Ƙoli ta haramta irin wannan a duk ƙasar.

Ba na cewa duk wanda ya kafe yana da gaskiya. Mu malamai mun san abokin aikin da ke musu don kawai a san yana wurin. Mutum ɗaya mai taurin kai, ko wanda aka saya, yana iya kuɓutar da mai kisa. Iyalan mutum 4 na Winona ma sun zauna a kotu sau 6, kuma ba su da wanda za su nuna su ce shari'a ta tabbatar shi ne.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa a majalisarmu rinjaye ya isa, ko na ƙi za a kore shi, 8 da 1. Gaskiya ne. Amma ni na rubuta rahoton zaman, don ni ne mai kyawun rubutu, kuma abin da na rubuta shi ne an yanke shawarar baki ɗaya. Uban yaron yana zaune a waje kan benci tun safe, da hularsa a gwiwa. Da aka fassara masa takardar, ya tambaya ko akwai inda zai kai kuka. Wani wakilin iyaye ya ce masa, "Baba, malamai duka sun yarda, babu ko ɗaya da ya ja. Ina za ka je?" Ya yi shiru, ya ce to, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Da an ce masa malami ɗaya bai yarda ba, ina jin da ya kai maganar gaba. Da aƙalla ya koma gida da sanin cewa wani ya yi shakka a kan ɗansa.

Har yau ban san wanda ya ɗauki salular ba. Mai yiwuwa yaron ne.

Kabu-kabu yake yi yanzu. Bara ya ɗauko ni daga tasha, da na sauka na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. "Haba Mushe," ya ce, "ai ku iyayenmu ne." Na so in gaya masa abin da ya faru a ofishin nan. Kafin in haɗa maganar wata mata ta tsayar da shi, ya ɗauke ta suka tafi.