Gurasa Da Tsire A Rimin Gado

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani abinci da na ci a Rimin Gado, da tunanin da ya jawo mini. Kada wani ya ce zancen abinci bai isa shiga jarida ba, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Rimin Gado tana yamma da birnin Kano, bisa hanyar Gwarzo. In mutum ya fita ta Kabuga, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza, ba ya cika sa'a guda a mota sai ya isa. Abin da ya fara ba ni sha'awa a hanya shi ne ban ga daji ba. Gona tana bin gona, ƙauye yana hangen ƙauye. Ƙasar ba ta samun hutu, kowace shekara sai an nome ta, taki ne kaɗai ke riƙe da ita. Dawa da gero da gyaɗa da wake duk a gona guda, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye a tsakani.

Na isa ranar kasuwa bayan azahar, yunwa kuwa ta kama ni. Ƙanshi ya ja ni zuwa rumfar wani mahauci. Ya kewaye tukubarsa da tsinkayen tsire, wuta a tsakiya, yana juya su ɗaya ɗaya. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Zalla za a ba ka, ko da gurasa?" Na ce da gurasa. Yaronsa ya ɗauko guda biyu ya tsoma a ruwa don su yi laushi, ya barbaɗe su da garin ƙuli-ƙuli, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir. Wannan shi Kanawa ke kira bandashe. Mahauci kuma ya zare nama daga tsinke, ya yayyanka a kai, ya sa yaji. Na zauna bisa benci tsakanin wani dillalin awaki da wani direba, kowa yana naɗe nama cikin gurasa da hannunsa. Kai jama'a, abin ba a cewa komi!

Muna ci na tambayi wani dattijo da ke gefe, na ce, "Baba, kayan nan duk daga ina?" Ya ce naman na dabbobin karkarar nan ne, ƙuli da mai matan gari suka yi da gyaɗar gonakinsu, albasa da tumatir kuwa na 'yan lambu ne. Na ce, "To, garin gurasar fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan sai ka tambayi masu jirgin ruwa."

Ita gurasa asalinta baƙuwa ce. Larabawa fatake, waɗanda suka riƙa ƙetaro hamada suna zama a Kano, su aka ce sun kawo ta. Da garin alkama a ke yinta, a manna ta jikin tanderu mai zafi har ta gasu. Ta zauna ta zama 'yar gida, har akwai unguwa a birni da a ke kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Irin wannan ya faru a ƙasar Meksiko, can kudu da Amurka. Mutanen Labanan da suka yi ƙaura can a farkon ƙarni na 20 sun kai musu dabarar gasa nama a jikin ƙarfe mai juyawa. Mutanen ƙasar suka karɓa, suna naɗe naman cikin waina mai faɗi ta masara, suna kiranta tako. Su da naman alade suka fi yi, wanda ya haramta gare mu. Amma ku duba, masarar da su ke yin wainar tasu abincin kakanninsu ce, a ƙasarsu aka fara noma ta.

Mu kuwa fiye da kashi tara cikin goma na alkamar da a ke ci a Nijeriya daga ƙetare a ke sayo ta. Saboda haka da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, masu gurasa sun ji a jikinsu. A watan Fabrairu 1924 ba wanda zai yarda da haka, amma a Fabrairu 2024 mata masu gurasa sun fito kan titi a Kano suna kukan tsadar fulawa. In gari ya yi tsada gurasa ta kan ƙanƙance, talaka ya biya kuɗi ya tashi bai ƙoshi ba.

Ba kuwa don alkama ba ta yi a ƙasarmu ba ne. Kakanninmu sun noma ta a fadama da jigo, da ita a ke alkaki da finkaso. Sanyin hunturu ta ke so: a shuka a Nuwamba, a yanke wajen Maris, lokacin da gonakin tudu ke zaune banza. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ana noma alkama a Kadawa. Gwamnati ta hana shigo da ita a 1987, ta janye hanin a 1992, domin wadda a ke nomawa ba ta wadatar ba. Ashe hani kaɗai ba ya cika rumbu.

Shawarata ga hukuma ita ce a kai wa manomi iri mai kyau da taki da ruwa kafin sanyi ya shiga, ba bayan ya wuce ba, a kuma tabbatar masa da mai saye tun bai shuka ba. Ku kuma malaman makaranta da ma'aikata, ku riƙa faɗakar da mutanen garuruwanku amfanin noman rani. Manoman da suka iya ci da kansu daga gona guda shekara da shekaru, alkama ba za ta gagare su ba in an tallafa musu.

Allah ya ba mu wadata, amin. Wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Kano.