Lissafin da na datse fiye da kima

Furojet ɗina na HND a kan fiffiken jirgin sama ne. Fiffike ba sanda ba ne, yana lanƙwasa, yana kuma murɗawa. Idan gudu ya kai wani mataki, motsin biyu sukan haɗu, iska ta riƙa ƙara musu ƙarfi, karkarwa ta yi ta hauhawa har fiffiken ya ɓalle. Irin wannan karkarwa, wadda ta faro daga mazaunin inji, ita ta kayar da jiragen Lockheed Electra biyu a Amurka, a 1959 da 1960.

Lissafin fiffikena ya kai layi 200. Wa zai tsara na'urar kwantar da karkarwa a kan wannan tulin? Sai na bi hanyar da Bruce Moore ya fitar a 1981: ka riƙe motsin da na'urarka za ta iya tayarwa kuma ta iya gani, ka zubar da sauran. Na mayar da shi layi 6. Wallahi har hoton sakamakon na tura gida.

Malam ya duba, ya ce, "A wane gudu ka rage?"

A ƙaramin gudu ne, inda murɗawa ke kwance lakadan. Ashe ita na zubar! Fiffikena na takarda ba zai taɓa karkarwa ba, na gaske kuwa da tuni ya karye.

Saura mako biyu in kare furojet. Na sake ragewa a gudu biyar daban-daban, na tsaya a layi 14.