Eriyar Inna

Kwalin eriyar zamani yakan zo da alkawari biyu, kuma duka biyun na sayar da kaya ne. Na farko shi ne rubutun HD ko 4K da manyan baƙaƙe. Eriya ba ta san HD ba. Ƙarfe ne da aka yanka daidai da tsawon zangon da tasha take watsa shirinta a kai, kyawun hoto kuwa aikin dikoda ne da talabijin. Na biyu shi ne nisan da aka ce tana jawowa, wai mil 150 ko 200. Siginar talabijin kusan a miƙe take tafiya, ƙasa kuma lanƙwasa take yi. Idan hasumiyar tasha ta kai mita 150, kai kuma ka ɗaga eriyarka mita 9, a fili marar tudu, wajen kilomita 60 da 'yan kai za su daina hango juna. Abin da ya wuce nan, sai ɗan ragowar da ya tsallako.

Gidanmu na ƙauye yana daidai bakin wannan iyaka. Akwai dish a gidan, yara na kallon ƙwallo da finafinai. Abin da Inna take so daban ne: labarun jiha da Hausa, da tafsirin azumi na malamin da ta saba da muryarsa. Da na kawo maganar dikodar biyan wata-wata, cewa ta yi, "Ɗan nan, ran da ba ka da shi fa? Sai in zauna ina kallon bango?" Tana son abin da ba sai ta ɗaga waya ta roƙi ɗanta ba kafin ya yi magana. Wannan ya fi mini kowane bayani na kwali nauyi.

Don haka na sayi mummunar, wadda take kama da ƙayar kifi. Sunanta Yagi, daga wasu malamai biyu na jami'ar Tohoku a Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, da suka fito da ita a 1926. Uda ne ya yi mafi yawan aikin, sunan Yagi ya bi duniya. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja a ƙarƙashin oga ya san wannan labari. Sanda ɗaya ce kawai ake ɗaura wa waya. Ta bayanta tana maido da sigina, jerin na gabanta suna tattaro ta daga fuska guda. Yawan sandunan gaba, yawan ƙarfin jawowa, amma kuma bakinta yana ƙara tsukewa, ka kauce kaɗan tasha ta ɓace. A birni wannan aibu ne. A ƙauyen da duk tashoshi suke fuska ɗaya, shi ake nema.

Tsawon sandunan ma magana ne. Masu tsawon santimita 20 zuwa 30 na UHF ne, inda tashoshin dijital suke. Dogayen da aka sani a kan tsofaffin gidaje na VHF ne. Tun da aka ƙaddamar da sauyi zuwa dijital a Jos a 2016, ya iso Kano a 2021, hankali ya koma kan gajerun.

Dijital ɗin ba shi da kara. A da, idan sigina ta yi rauni, hoto ya yi dishi-dishi, ana jin mai labarai a cikin shuuu, a haƙura a kalla. Yanzu ko dai hoto garau, ko ya daskare ya farfashe, ko baƙin allo. Dikoda tana nuna ma'auni biyu, ƙarfi da inganci, kuma na biyun ne abin dubawa. Mai shago zai ce ka ƙara busta. Busta tana ƙara abin da ta tarar ne, har da hayaniya. In eriya ba ta kamo komai ba, hayaniyar za ta kumbura. Amfaninta shi ne a saman gora, dab da eriya, don cike asarar doguwar waya. Wayar kuma RG6 mai kauri, guda ɗaya ba haɗi, don siririyar nan mai arha tana shanye sigina kafin ta iso ɗaki.

Ranar ɗaurawa ƙanena Sani ya hau, ni ina ƙasa da rimot ina karanta lamba. Mun ɗaga ta sosai sama da rufin kwano, muka kauce wa darbejiyar maƙwabta, domin ganye, musamman jiƙaƙƙe, yana cin UHF. Ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, muna dakatawa bayan kowane juyi, saboda dikoda tana ɗan jinkiri kafin ta nuna canji. Muka naɗe mahaɗin waya da tef kada ruwan damina ya shiga, muka ɗaure gorar da waya ta fuska uku saboda iskar farkon damina. Daga ƙarshe muka ja wayar jan ƙarfe mai kauri daga eriyar zuwa wani ƙarfe da muka kafa cikin ƙasa, don yanzu ita ce abu mafi tsayi a layinmu, kuma Inna a ƙarƙashinta take kwana.